Ranar da Inna Ta Zauna Ƙirga Shinkafa

Ko zan manta duk azuzuwan da na taɓa shiga, ba zan manta wata yamma a Gazara ba, ranar da na ɗauko rabin kayan miyar gidanmu a ka na kai makaranta.

Lokacin ina koyar da matan aure a ajin yaƙi da jahilci, bayan la'asar, a wani ajin firamare. Karatun Hausa da lissafi sun tafi lafiya. Turanci ma mun fara da daɗi, har muka zo kan much da many. A nan muka cije. Na yi bayani yadda littafi ya ce, wai akwai sunaye masu ƙirguwa, akwai marasa ƙirguwa. Na maimaita har muryata ta dushe, su kuwa sai ido. Sannu a hankali benci ya fara zama wayam. Wata ta ce aikin gona, wata ta ce yaro ba lafiya, amma na san kunyar yin kuskure a gaban juna ce ta kore su. Mai duba mu daga Makarfi ya ce in aka ci gaba a haka, rufe ajin za a yi.

Wadda ba ta taɓa fashi ba ita ce wata dattijuwa mai tuyar ƙosai, kowa Inna yake ce mata. Rannan da aka tashi sai ta tsaya.

"Malama, kar ki bari a rufe," ta ce. "Jikokina na Fatakwal ba sa jin Hausa. In ɗana ya ba su waya sai mu yi ta halo, halo, kamar kurame. Da babbar Sallah za a kawo su. So nake in tambaye su abin da za su ci da bakina."

A wurin na ƙudurta cewa ajin nan ba zai mutu a hannuna ba. Washegari na bi gida-gida, na ce kowa ta zo, ba za a buɗe littafi ba. Na cika kwando da ƙwai, tumatir, albasa, shinkafa, gishiri, man gyaɗa da fura. Maigidana ya bi ni da kallo, ya ce ko walima za a yi ba a gayyace shi ba.

Aji ya cika, yawanci don son ganin ƙwaf. Na ɗaga ƙwai, muka ƙirga tare: one egg, two eggs. Muka yi na tumatir. Sai na juye shinkafa a faifai na ce wannan ita ba a ƙirga ta.

"Wa ya ce?" in ji Inna. "Komai na duniya yana ƙirguwa, Malama."

"To bismilla, Inna."

Ta gyara ɗaurin zane ta zauna a ƙasa. One rice, two rice. Mata na ta dariya, ko a jikinta. Ta daɗe tana tsinta ɗaya-ɗaya har idonta ya kawo ruwa, sannan ta ture faifan.

"Wannan ai wahalar banza ce. Shinkafa awonta ake yi!"

"Shi ke nan, Inna, kin gama darasin!" na ce. "Abin da kike saye da guda, many. Abin da sai an sa mudu ko kwalba ko cokali, much."

Sai aji ya kaure da hayaniya. Kowa na son ta fito ta ware kayan. Gishiri da mai suka bi shinkafa, albasa ta bi ƙwai. Kan fura aka yi gardama har aka kusa ɓatawa, daga baya su da kansu suka yanke: tana dunƙule many, in an dama much. Kiran magariba ne ya raba mu.

Ba a rufe ajin ba. Bayan Sallah Inna ta shigo tana washe baki. Ta ce tana gaban kasko ta kalli ƙaramin jikan ta ce, "How many ƙosai?" Yaro ya ware ido, ya ɗaga yatsunsa duka, ya zo ya zauna a cinyarta.

"Malama, sai da na ƙona kasko guda saboda kuka."

Tun daga nan, in na ga ɗalibi ya yi shiru, ba na cewa kansa ne ba ya ja. Nakan ajiye littafi in nemi abin da hannunsa ya saba taɓawa, in fara daga can, kuma ba na barin sa sai ya gane.