Dije Mai Tsingaro

A shekarar da sojoji suka koma bariki, muna zaune a wani gidan haya a Gyadi-Gyadi. Maza na ƙofar gida kullum ana musun zaɓe, kowa da rediyo a kunne. Mu yara ba ruwanmu. Da an idar da sallar isha sai mu kewaye Iya, kakata ta wajen uba, a bakin murhun da take suyar gyaɗar sayarwa. Har Cinyere, 'yar maƙwabtanmu Ibo, da kujerarta take zuwa.

Iya takan juya gyaɗa cikin yashi ta ce, "To, ga ta nan tafe, wa zai tarbe ta?" Mu haɗa baki, "Mu ne, Iya!"

Tatsuniyar da ta fi zauna min ita ce ta Dije, yarinyar da ta ƙwallafa rai a ginin tukwane alhali duk danginsu babu magini. Tukunyarta ta farko fashewa ta yi a wuta. Na bayanta ma haka, har tsingaro ya taru a bayan ɗaki. Mata a bakin rijiya suka laƙaba mata Dije mai tsingaro. Uwarta ta gaji da asarar itace, ta ce in damina ta faɗi ba ta fitar da ko ɗaya ba, ta rabu da yumɓu ke nan.

Ana dab da ruwan farko yumɓunta ya kusa ƙarewa. Don ya ishe ta, ta kwaso tsingaron ta daka a turmi, ta cuɗa a ciki. Wannan tukunyar ta fito daga wuta lafiya lau. Da ta ƙwanƙwasa ta, har maƙwabta sun ji amonta.

Cinyere ta yi farat ta ce, "Iya, shi ke nan ta huta?"

"Wa ya gaya miki, 'yar nan? Ta gaba ma sai da ta fashe. Amma yanzu ta san amfanin fasassun."

A lokacin haushi na ji, don ni so nake a ce sarki ya ba ta kyauta.

Sai bayan na yi aure a Tarauni, na fara rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, na gane nufin Iya. Duk wanda na kai sai a dawo min da shi. Wani mai shirya shiri ma cewa ya yi, "Malama, mutanenki ba sa magana irin ta mutane." Na daɗe ban sake taɓa biro ba. Iya kuwa ta rasu tuni, balle in kai mata kuka.

Wata rana na zazzage tsofaffin takardun. A ɗaya na sami wata tsohuwa mai baki, a wani kuma rigimar 'yan haya da ta yi daɗi. Na haɗa su wuri guda, aka karɓa, har na ji ana maimaita maganar tsohuwar a cikin adaidaita sahu.

Wanda na rubuta bayansa ma an dawo min da shi. Na sha shayina, na shimfiɗa shi a tabarma, na fara tsintar abin da zan daka.