Tunkiyar da Ba Ta Ƙin Dusa

A gidanmu na Ƙofar Guga garken tumaki yana jikin madafa, saboda haka duk tatsuniyar da kakarmu Inna Jummai ta yi mana a bakin murhu, muna jin ta ne haɗe da tuƙar tumaki. Akwai guda ɗaya da ba na so, ita kuwa Inna ta fi maimaitawa.

Wai wata mata aka kawo wa tunkiya kyauta, fara sol. Don girmama mai kyautar, ta haɗa ta komi ɗaya da nata tumakin. Tunkiyar ba ta ƙin dusa, amma kullum ramewa take, in an kora garke ita ce ta baya, tana haki. A nan Inna kan rage murya.

"Ku saurara. Kun ji? Kamar ruwa na tafasa cikin ƙirji."

Rannan matar ta ɗaga ƙafafunta na baya, ruwa ya zubo ta hanci. Tunkiya ta mutu. Damina ta wuce, rani ya wuce, har an manta. Sai babbar tunkiyar matar ta fara zama ta baya.

"Inna, mayya ce?" in tambaya.

"Mi ya kai maye garke, ɗan nan? Numfashi ne kawai."

Sai a jami'a na ji bayanin wata sankarar huhu da tumaki ke ɗauka daga juna, tana daɗewa a ɓoye, kuma ba ta da magani. Ba zan ce ita Inna take nufi ba. Mai yiwuwa wani ciwon ne, ni ba likitan dabbobi ba ne.

Makon jiya surukina Alhaji ya aiko da tunkiya, barkar haihuwar ɗiyata. Garken yanzu na mahaifiyata Hajiya ne, shi ne abin dogaronta. Da na ga baƙuwar tana haki, sai na ɗaure ta can bayan gida, na aika a kira likita.

Hajiya ta ce, "Alhaji ya zo gobe ya tarar da kyautarsa a ware? Da wane ido za ka dube shi? Kai dai tun kana yaro tsoro gare ka."

Wataƙila gajiyar hanya ce. Na so ya zama haka. Amma na lura a tatsuniyar Inna babu mugu ko ɗaya. Mai kyauta da mai karɓa duk alheri suka nufa.

Ɗazu tunkiyar ta cinye dusarta tas. Na tsuguna, na kara kunne a haƙarƙarinta, na daɗe. Sannan na ƙara wa igiyar ƙulli.