Ranar da Haƙurin Anti Ya Ƙare

A filin jirgi kowa Anti Haƙuri yake ce mata, domin tun tana budurwa aikinta ke nan. In jirgi ya yi latti, ita ke ɗaukar lasifika ta ba jama'a haƙuri. Zagin da ta sha, da kaya ne, da babu jirgin da zai iya ɗauka.

Wata rana aka soke tashin jirgi. Wani dattijo da za a yi wa aikin ido washegari ya lalubo teburinta.

"'Yata, haƙurin nan naku, likita yana karɓa?"

Manaja ya raɗa mata, "Ba shi haƙuri kawai. Kika ƙara kalma, a bakin aikinki."

Ta dubi dattijon, ta kunna lasifika.

"Jama'a, yau haƙuri ya ƙare, saura haƙƙi. Ƙa'idar kamfaninmu ta ba ku abinci da kujera a jirgi na gaba."

Har mai shara sai da ya ƙame da tsintsiya a hannu. Sai layin fasinjoji ya juya kan manaja.

Dattijon ya tashi a jirgin yamma. Anti tana nan a teburinta, manajan ne ya gaji lasifikar, shi ke ba jama'a haƙuri yanzu.