Farin Goron Kawu Ladan

Shekara goma sha biyu ke nan da Sakkwato ta rasa babban kwamandan yaƙinta na ƙarshe, kuma ba wanda ya busa masa ko usur. Kawuna ne, Malam Ladan, malamin tarihi a firamare. Rundunarsa ba ta taɓa wuce faɗin tabarma ba.

Duk shekara, idan watan da Nasara suka ci garin nan ya zagayo, sai ya tara mu a zaurensa na Ƙofar Taramniya ya shimfiɗa Yaƙin Giginya. Ƙwallayen dabino su ne mutanenmu. Marafan kwalba su ne sojan Nasara, an jera su murabba'i. Butar shayi ita ce bindiga mai ruwa. Can gefe ya kafa tsinken tsire da ƙyalle a matsayin tuta, ya ajiye farin goro ɗaya a gindinta.

"Wanga shi na kakanmu," in ji shi. "Da anka watse, shi bai gusa ba."

In an gama ya cinye kakan namu, ya sallame mu.

Amma ba wasa yake ba. Koyarwarsa ɗaya ce: ba bindiga kaɗai ta ci mu ba. Tun kafin a yi harbi shawarar manya ta rabu, wasu a yi yaƙi, wasu a yi sulhu, wasu a yi hijira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shugaba, a wurinsa, shi ne wanda ya haɗa kan mutane tun da sauran lokaci, ba wanda ya fi kowa ƙaton rawani ba.

Me zai ce yau? Zauren nan nasa shi ne filin daga. Babban ɗansa yana so a mai da shi shagon cajin waya, ƙaramin yana so a rushe a yi garejin keke, 'ya'yansa mata sun ce duk abin da aka yi daidai ne. Shawara ta sake rabuwa uku, ga kuma mai bulo yana jira a bakin ƙofa.

Ni dai na tsaya. Na faɗa wa taron gida cewa muddin ina numfashi za a shimfiɗa tabarmar nan kowace shekara, ko da jikoki biyu ne suka ɗaga kai daga waya. Na tara dabino, na wanke butar. Abin da Kawu ya bari ba kadara ba ce, wurin tsayawa ne, kuma wani sai ya tsaya a wurin.

Shekaranjiya na je neman albarkar yayarsa, Inna Hajo, wadda ta haura tasa'in. Ta sa mini albarka, har ta ba ni farin goron da hannunta. Sannan ta ce:

"Ɗana, ka yi abinka. Amma Ladan ya sani, ni ma na sani. Ranar da anka yi yaƙin, kakanmu yana Gwadabawa sayen shanu."