Siminti a Ƙofar Masallacin Garinmu

"Muddin ni ne shugaban ƙungiya, siminti ba zai taɓa masallacin garinmu ba." Yaya Alhaji, da bakinka ka faɗi haka a taron ƙungiyarmu ta 'yan gari mazauna ƙasar waje, a birnin Montreuil. Jiya sai ga hoton buhunan siminti jibge a ƙofar masallacin.

Da na kira ka, ka ce, "Haba Hajiya, zamani ne. Turawa ma sun bar gini irin na da."

Na ce, "Waɗanne Turawan, Yaya?"

Bara ɗiyata Ramatu, da ke karatun zanen gine-gine a Lyon, ta kai ni wani ƙauye a Ingila in ga tsohon cocin da take nazari. Ginin dutse ne, da guntuwar hasumiya da ƙofar da sai an sunkuya. Mun tarar mutanen ƙauyen suna kankare simintin da iyayensu suka shafa, suna mayar da farar ƙasa. Ramatu ta ce siminti na kulle danshi, bango ya yi ta ruɓewa daga ciki. Dutse ke nan fa, balle ginin ƙasa.

Namu yaɓe kawai yake so kafin damina, kuma samarin gari sun ce su za su kwaɓa ƙasar.

Na ba ka zuwa Juma'a a kwashe buhunan nan. In ba haka ba, Asabar ina cikin jirgin Yamai, in je in kafa kujerata a gindin bangon, in ga mai shafa masa siminti.

'Yan garinmu, wa zai kawo tasa kujerar?