Ƙayar Kawu Bala

Duk wanda ya san Kawu Bala, yayan mahaifiyata, ya san ba ya karyawa sai ya hau soron gidansa na bayan Bab Makka ya gaida ƙayarsa. Eh, ƙaya! Mutanen Jidda na shuka na'ana'a a gwangwani, shi kuwa ƙaya yake ba ruwan sanyi.

Wani injiniya ɗan Sikotilan ne ya bar masa ita amana, wanda Kawu ya daɗe yana yi wa aikin lambu. Wai furen ƙasarsu ne, kuma daga lambun kakansa ya zo da irin. Shekara ɗaya take yi ta mutu, don haka Kawu sai ya jira furen ya bushe a jikinta, ya tara iri ya sake shukawa.

Na ce, "Kawu, mutumin nan fa ya manta da kai."

"Shi ya manta. Ni na ce masa to."

Har siket ɗin mazan can mai ratsi-ratsi ya bar masa. Duk Juma'a sai Kawu ya shanya shi, kada asu ya ci. Hajiya Sittu, maƙwabciyarsa 'yar Sudan, ta hango, sai ga turare, wai barka da amarya.

Ya ce min, "Je ki gaya mata mai siket ɗin gemunsa ya fi nawa."

Da muka sa masa na'urar sanyi, halas, shi ke nan, in rana ta take sai ƙaya ta sauko ta gaje ɗakin, shi yana zufa a zaure. "Ita baƙuwa ce, ni na saba."

To, ga inda kunyar take. Da aka kwantar da shi asibiti, ni ya damƙa wa ban-ruwa. Na hau soro, na tarar ta yi fure shunayya, gwanin sha'awa. Ni kuma 'yar unguwar Safa mai wayewa, na ga ana kai wa majinyaci fure. Wallahi ban yi tunanin iri ba. Na sa almakashi, na ɗaure da zare, yalla sai asibiti, har da rangwaɗa.

Ya daɗe yana kallon hannuna.

"Duka, Balaraba?"

"Duka, Kawu!"

"Bature ya ce in tsare ta daga awaki. Bai san ina da ke ba."

Nan ne abin ya faɗo min. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara kuka, sai ya karɓa, ƙayar na sukarsa, ya rungume a ƙirji.

"Share hawayenki. Ta taɓa zuwa duba ni ne in ba yau ba?"

Ba ta sake fure ba, ta bushe a hannuna. Shi kuma har ya koma ga Allah bai ƙara tada zancen ba, ko da wasa, kuma wannan shirun ya fi min zagi ciwo.

Ya Allah, bawanka ya riƙe amanar baƙo shekara da shekaru. Ka riƙe shi da rahamarka, ni kuma Ka yafe min. Amin.