Ruwan Nilu a Tafin Kaka

Har yau in na ji warin ruwan da ya kwana a bokiti, sai in tuno da ranar da muka shiga faluka, jirgin ruwa mai tafiya da iska, a Ma'adi, bakin Kogin Nilu.

Ina da shekara goma sha ɗaya, Baba yana karatu a Alƙahira, muna zaune a unguwar Madinat Nasr. A bazarar 2012 Kaka ya zo duba idonsa. Ɗan fito ne, ya tsufa yana ƙetarar da mutane a Kogin Kwara. Ni kaɗai nake zama kusa da shi in yi shiru, shi ya sa ya fara koya mini sunayen kayan jirgi, kullum ɗaya. Ya ce sauran sai kogi ya san ni.

Ranar da aka cire masa bandeji Baba ya kai mu kogin. Matuƙin ya ja igiya, farin ƙyallen ya cika da iska. Kaka ya shafa katakon yana murmushi. Ya nuna mini gorar tunkuɗa jirgi, da gwangwanin kwalfe ruwa, ya tambayi Baba me Misirawa ke ce wa filafili.

Ni ruwan nake kallo. Kore ne, da maiƙon mai a sama, ga leda, ga ɓawon kankana. Can kusa da ciyawa mushen kare ya kumbura, ƙudaje sun rufe shi. Idon Kaka bai kai can ba.

Al'adarsu ce, ɗan fito ba ya hawa baƙon kogi bai sha ruwansa ba. Ya yi bisimilla ya kamfata ya sha, ya sake kamfata ya miƙo mini.

"Sha, amaryata. Ku gaisa."

Kunya ta hana ni in ƙi. Na kurɓa. Ɗumi gare shi, da santsi. Na riƙe shi a kumatu har muka dawo gaɓa, hawaye na zuba, sannan na laɓe bayan wata mota na tofar, na yi ta goge harshe da hijabi.

Da na ɗago, Kaka yana tsaye da sandarsa yana kallona.

"Ma'alesh," ya ce, wato ba komai, kalmar da ya koya a asibiti. Bai ƙara koya mini ko suna ɗaya ba har ya koma gida.

Yanzu jiragen garinmu duk inji ne, jikokinsa ba wanda ya san sauran sunayen. Bakwai na samu. Na sha tambayar kaina, da na haɗiye fa? Sai in tuno karen nan, in tashi in wanke baki.